Wuƙa da Gona: Yadda Ya Kamata a Ɗora Wasan Lorca a Kan Dandali



 An nemi in yi magana a kan wasan kwaikwayo na ƙasar Sifaniya. Fagen yana da faɗi, saboda haka na ga gara in kama wasa ɗaya in tsaya a kansa, in faɗi yadda na fahimce shi da yadda nake ganin ya kamata a ɗora shi a kan dandali. Wasan shi ne Bodas de Sangre, wato Bikin Jini, na Federico Garcia Lorca.

An haifi Lorca a 1898 a ƙauyen Fuente Vaqueros, kusa da birnin Granada, a yankin Andalus da ke kudancin Sifaniya, ƙasar da muka sani a littattafan tarihi, wadda mulkin Musulmi ya ƙare a cikinta a 1492. Mahaifinsa babban manomi ne mai gonaki, mahaifiyarsa malamar makaranta. Ya tashi cikin manoma da masu aikin gida, kunnensa ya cika da waƙoƙin reno da na biki da na makoki. Sha'iri ne kafin ya yi suna a wasan kwaikwayo, kuma da ya shigo dandali bai bar waƙa a waje ba.

Asalin labarin daga jarida ya fito. A watan Yulin 1928 jaridun Madrid suka ɗauko wani abu da ya faru a wata gona mai suna Cortijo del Fraile, a lardin Almeriya. Wata budurwa, ana saura 'yan sa'o'i a ɗaura mata aure, ta sulale cikin dare ta gudu da wani ɗan'uwanta. Ba su yi nisa ba ɗan'uwan ango ya tare su a hanya ya harbe wanda ya gudu da ita. Ita ta tsira da rai, ango ma bai mutu ba. Wata 'yar jarida 'yar Almeriya, Carmen de Burgos, ta rubuta gajeren labari a kan abin a 1931, ta bar masoyan suka tsere lafiya. Lorca ya rubuta nasa a 1932, kuma abin da ya canza shi ne mabuɗin wasan. Ya ajiye bindiga ya ɗauko wuƙa, makamin da sai ka rungumi mutum kafin ka kashe shi da ita. Ya jinkirta gudun har sai an ɗaura aure, ana tsakiyar biki. Ya sa ango da kansa ya bi sawu, kuma mazan biyu duka suka mutu. Sannan ya ƙirƙiro abin da babu shi a jarida: tsohuwar gaba ta jini tsakanin gidaje biyu, da wata uwa da ke ɗauke da wannan gabar a ƙirjinta.

Wasan kashi uku ne, fitowa bakwai. A cikin mutanensa duka ɗaya ne kawai ke da suna, Leonardo. Sauran kuwa Uwa, Ango, Amarya, Uban Amarya, Matar Leonardo, Suruka, Maƙwabciya, da mai aikin gidan amarya. An kira kowa da matsayinsa, don a wannan karkarar matsayin mutum ya riga shi isa ko'ina. Uwa ta rasa mijinta da babban ɗanta a hannun dangin Felix. Ɗa guda ya rage mata, ya sayi gonar inabi, yana son aure. Yarinyar da yake nema tana zaune da mahaifinta a wani gida da aka haƙa cikin kogo, a busasshiyar ƙasa mai nisan tafiyar sa'a huɗu. Sai Maƙwabciya ta tsegunta wa Uwa cewa yarinyar ta taɓa yin saurayi, kuma saurayin Leonardo ne na gidan Felix, wanda yanzu ya auri 'yar'uwar yarinyar, har da ɗa, ga kuma wani cikin. Aka ɗaura aure. Ana cikin shagali Matar Leonardo ta shigo ta ce mijinta da Amarya sun tsere a kan doki ɗaya. Aka bi su cikin daji, Ango da Leonardo suka kashe juna, mata suka rage.

Tambayar farko da darakta zai yi wa kansa ita ce: wasan wane ne? Yawancin masu karanta shi karon farko sukan ce na Amarya da Leonardo ne. Ni ina ganin na Uwa ne, kuma tarihin wasan yana goyon bayana. An fara nuna shi ranar 8 ga Maris 1933 a gidan wasa na Beatriz a Madrid, inda tauraruwar ƙungiyar da ta shirya shi, Josefina Diaz, ta fito a matsayin Amarya. Ya samu karɓuwa. Amma inda ya tashi da gaske shi ne Buenos Aires ta Ajantina, a wannan shekarar, lokacin da Lola Membrives ta ɗauki matsayin Uwa. An nuna shi fiye da sau 100, har Lorca ya ƙetare teku a watan Oktoba ya zauna can watanni. Da Margarita Xirgu ta sake ɗora shi a Basalona a Nuwamban 1935, ita ma Uwa ta zama. Manyan 'yan wasa biyu, kowace da ikon zaɓen abin da take so, duk suka bar wa wata furen amarci suka ɗauki baƙin mayafi. Sun san inda nauyin yake.

Ku dubi yadda wasan ya buɗe. Ango zai tafi gona, ya nemi a ba shi wuƙa don yanke inabi, buƙatar da ba ta kai ta kawo ba. Uwa ta kama tsine wa wuƙaƙe da wanda ya ƙirƙiro su. Minti biyu ba a yi ba an riga an gaya mana yadda za a ƙare. Wannan mata shekara uku kawai ta yi da mijinta. Ta ƙi yarda ta koma gidan ɗanta bayan aure, don kullum da safe sai ta je maƙabarta, tana tsoron kada a binne wani ɗan gidan Felix kusa da nata. Tana jin zafin cewa waɗanda suka yi kisan suna kurkuku da ransu. Ta so a ce ɗan nan nata mace ne, ya zauna a ɗaka yana ɗinki inda wuƙa ba za ta same shi ba. Maƙwabciya ta tuna mata cewa Leonardo ɗan shekara takwas ne lokacin da aka yi rikicin, amma ina, jin sunan gidan kaɗai ya isa ya sa ta tofar da yawu.

'Yar wasan da ta ɗauki wannan mata a matsayin masifaffiyar tsohuwa mai ƙorafi ta kashe wasan. Wadda ta ɗauke ta a matsayin baiwar Allah abar tausayi ita ma ta kashe shi. Uwar nan tsoron wuƙa take yi, kuma ita ce ta tura ɗanta ga wuƙa. A ƙarshen kashi na biyu, da aka ce sun gudu, ita ce ta ɗaga murya tana neman wanda zai ba ɗanta doki. Ta ce masa ya bi su, sai ta ja baya don ta san mutanen nan sun iya kisa, sannan ta sake cewa ya tafi. Ta raba 'yan biki gida biyu, nata da na Uban Amarya. Wannan ɗan taƙin, tsakanin umarnin farko da na biyu, shi ne wuri mafi tsada a wasan gaba ɗaya. A ba shi lokaci. A bar 'yan kallo su ga mace tana auna ran ɗanta da mutuncin gidanta, su ga wanda ya rinjaya. In aka yi shi da gaggawa cikin hayaniyar 'yan biki, duk abin da zai biyo baya ya zama haɗari kawai, alhali zaɓi ne.

Abu na biyu, kuma a nan nake jin tsoro ga masu shirya wasa a wajenmu: wannan ba labarin auren dole ba ne. Mun saba da wancan a littattafan soyayya da finafinanmu, uba mai kwaɗayi, attajiri mai furfura, yarinya tana kuka, har hannunmu kan tafi can da kansa. A wasan Lorca ba wanda ya tilasta wa Amarya. An tambaye ta a gaban Uwa, ta ce ta amince. Angon saurayi ne mai hankali, mai aiki, ba shi da aibu. Ita da kanta take so a gaggauta zuwa coci, don tana fatan auren ya zame mata katanga tsakaninta da abin da take ji. Abin da ya raba ta da Leonardo tun farko talauci ne da girman kai: shanun noma biyu gare shi da 'yar bukka. Zaman neman auren kuwa, in kun karanta shi da kyau, ciniki ne na gona. Uban Amarya yana noman wata ciyawa da ake igiya da tabarma da ita, a ƙasar da sai an wahala take ba da abu, burinsa a ce gonakin gidajen biyu sun haɗe, a haifo maza masu aiki. Uwa tana son jikoki su cike gurbin matattu. Kowa yana da lissafinsa, kuma ba mugu a cikinsu. Da akwai mugu da abin ya zo da sauƙi, sai 'yan kallo su tsine masa su tafi gida.

Saboda haka Amarya tana bukatar 'yar wasa mai iya shiru. A kashi na ɗaya kalmominta kaɗan ne, kanta a sunkuye, kamar garwashin da toka ta rufe. Sai baƙi sun tafi take cizon hannunta, ta ƙi buɗe kayan da aka kawo mata. Da safiyar biki ta jefar da kambun furen lemo a ƙasa. Abin da take ji game da Leonardo ba daɗi ba ne, ciwo ne, tana yaƙi da shi kuma tana faɗuwa. Shi ma Leonardo ba jarumin fim ba ne. Mutum ne mai yi wa matarsa tsawa, mai ƙarya a kan inda ya kai dokinsa har ya jiƙe da gumi, mai barin mace da ciki. Kada a wanke shi. Kada kuma a manta da matarsa, wadda ta san komai tun farko, take haɗiyewa. In an ba wannan matsayi ga 'yar wasa mai rauni, an sauƙaƙa wa masoyan laifinsu.

Wani zai tambaya: ta yaya za a nuna irin wannan sha'awa a gaban jama'armu, inda ko a fim namiji da mace ba sa taɓa juna? Amsata ita ce wannan ƙa'idar ba za ta rage wa wasan komai ba. Ƙarfin haɗuwarsu a baki yake. A cikin dajin ma jayayya suke yi, tana cewa ya rabu da ita ya tsira, yana tuna mata cewa ita ta fara saukowa, ita ta sa wa doki linzami. Ku tsayar da su nesa da juna, taku huɗu ko biyar, ku sa kowane taku ɗaya ya zama abin da aka yi kokawa kafin a yi shi. 'Yan kallon da suka san kunya za su ji nauyin wannan tazarar fiye da yadda za su ji runguma.

Yanzu kashi na uku, inda daraktoci da yawa ke tuntuɓe. Kashi biyun farko a gidaje suke, da mutane irin waɗanda aka sani. Labule na buɗewa a na uku sai ga daji da dare, ana jin goge biyu irin na Turawa, masu saran itace uku suna magana a kan waɗanda suka gudu. Sai Wata ya fito a siffar matashin mai saran itace da farar fuska, yana jin sanyi, yana neman jini ya ɗumama shi, ya yi alkawarin haska ko'ina don kada su ɓuya. Sai Mutuwa ta fito a siffar tsohuwa mai bara, ba takalmi, ita ce ma ta nuna wa Ango hanya. Maganar ta koma waƙa. Tun a 1933 akwai masu sharhin da suka ga kamar wannan ɓangaren bai dace da sauran ba, kuma har yau akwai masu rage shi ko su rufe shi da hayaƙi da fitilu masu launi. Ban yarda da su ba. Waƙar ba daga sama ta faɗo ba. Tun a fitowa ta biyu Suruka da Matar Leonardo suna lallashin jariri da waƙar wani doki da ya ƙi shan ruwa, mai raunuka a ƙafa, waƙar reno da ke cike da jini. Waƙar tashin amarya ta ratsa kashi na biyu. In darakta ya ɗauki waɗannan da muhimmanci, ya sa aka rera su sosai ba a matsayin cike gurbi ba, kunnen 'yan kallo zai riga ya shirya kafin Wata ya buɗe baki. A yi Wata da Mutuwa da sauƙi: mutum, farar fuska, tsumma, haske shuɗi. Abin tsoron shi ne yadda suke magana da juna kamar abokan aiki da ke jiran lokaci.

Kisan kansa ba a ganinsa. Lorca ya tsara a ji ƙara biyu masu tsawo, gogen ya yanke, tsohuwar ta fito ta juya wa jama'a baya ta buɗe mayafinta kamar fukafukai, labule ya sauka cikin shiru. Mukan ce gani ya kori ji, amma a nan ji ya fi gani. Na san jarabar da ke damun matasan 'yan wasa, kowa yana so a ga ya iya faɗa da wuƙa, a zuba jan ruwa a riga. Ku daure. Da zarar an fara dambe a dandali, 'yan kallo za su koma tambayar wa zai yi nasara, alhali ba mai nasara. Misali ɗaya na sani da aka nuna faɗan kuma ya yi kyau, fim ɗin Carlos Saura na 1981, wanda ya ɗauki rawar da Antonio Gades ya tsara a kan wasan. A ɗakin gwaji aka yi shi, ba daji ba ado, kuma an ja faɗan a hankali ƙwarai, cikin shiru, har ya daina kama da faɗa ya zama mutum biyu suna mutuwa tare. Wanda ba shi da 'yan rawa irin waɗannan ya bi abin da marubucin ya tsara.

Launi ma magana yake yi. Ɗakin Uwa rawaya ne, na gidan Leonardo ruwan hoda, ɗakin ƙarshe fari fat, ba inuwa, kamar wurin ibada, inda 'yan mata ke warwarar jan zare. Ba sai an kashe kuɗi ba, yadi da fitila sun isa.

Akwai kuma masu cewa a kwaso labarin a dasa shi a ƙauyen Hausa, a sa wa kowa suna namu. A fassara shi zuwa Hausa, wannan ina goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma aikin sha'iri ne, don rabin wahalar tana cikin waƙoƙin. Amma a bar shi a Andalus. Tarkon da ya kama mutanen nan na ƙasar Katolika ne, inda mace ɗaya ake aure, kuma aure ba ya mutuwa sai ɗaya ya mutu. Sifaniya ba ta samu dokar sakin aure ba sai a 1932, shekarar da aka rubuta wasan, kuma gwamnatin soja ta Franco ta soke ta a 1939. A wajenmu akwai saki, akwai hul'i, namiji yana ƙara aure. Ɗan kallo mai hankali zai tambaya me ya hana Leonardo ya nemi yarinyar ta biyu tun kafin a ba da ita, kuma ba ku da amsa. Souheil Ben Barka ya kai labarin kudancin Maroko a fim a 1977, don haka ba na cewa ba ya yiwuwa, amma wanda zai yi haka sai ya sake ginin daga tushe. Jama'armu ba sa bukatar a sa wa Uwa zane da kallabi kafin su gane ta. Sun san gaba a kan gona, sun san ramuwar da ake gada, sun san matan da aka bari da marayu.

Fitowar ƙarshe ta mata ce zalla. Suruka ta umarci 'yarta, Matar Leonardo, ta kulle ƙofa ta tsufa a ciki. Uwa ta hana Maƙwabciya kuka, ta ce yanzu za ta iya barci don ba sauran wanda za ta ji wa tsoro. Sai Amarya ta shigo da baƙin mayafi, ta kawo kanta a kashe ta. Uwa ta buge ta har ƙasa. Amarya ta dage cewa ba wanda ya taɓa ta, ta nemi a gwada su da wuta. Abin da ya fi girgiza ni a wasan shi ne amsar Uwa: wannan mutuncin da ta tura ɗanta ya mutu dominsa, yanzu an kawo mata shi cikakke, ta ce bai dame ta ba. Ta bar yarinyar ta yi kuka, amma daga bakin ƙofa. Ba yafiya, ba sulhu. Kada darakta ya sa su rungumi juna, kada kuma ya ƙaro wani dattijo ya fito ya yi wa jama'a nasiha kamar yadda muka saba rufe wasanninmu. Wasan bai halatta abin da masoyan suka yi ba, gawa biyu sun isa hujja. Bai kuma wanke masu ramuwa ba. Ya ƙare da maganar 'yar ƙaramar wuƙa, a bakin matan da ta mayar gwauraye.

Lorca bai daɗe ba bayan wannan wasan. Ya rubuta Yerma, aka nuna shi a 1934, ya gama La Casa de Bernarda Alba a Yunin 1936. A watan Agustan wannan shekarar, farkon yaƙin basasa, masu goyon bayan tawayen soja suka kama shi a Granada suka harbe shi a bayan gari, yana da shekara 38. Har yau ba a gano gawarsa ba. Manyan gidajen wasa na Madrid ba su koma ga waɗannan wasannin ba sai a farkon shekarun 1960.

Amma akwai wani aikinsa da ya shafe ku kai tsaye, ku ɗalibai. Daga 1932 ya jagoranci wata ƙungiyar ɗaliban jami'a mai suna La Barraca. Sukan loda katako da kaya a mota su shiga ƙauyuka, su kafa dandali a fili, su nuna wa manoman da yawancinsu ba su taɓa shiga gidan wasa ba ayyukan Lope de Vega da Calderon da Cervantes, kyauta. Ya yarda cewa talaka yana gane babban wasa in an yi masa shi da gaskiya. Roƙona gare ku shi ne ku samu wanda ya iya waƙa a cikinku ya zauna da wanda ya iya harshen Sifaniya, ku fassara wasan nan. Ku ba 'yar wasanku mafi ƙarfi matsayin Uwa. Ku bar Wata da Mutuwa a inda suke, ku bar kisan a bayan labule. In kun gama, kada ku tsaya a zauren makaranta, ku fita da shi inda manoma suke.